Sabon agogo marar batir da ke gudu: yadda aka saita shi a kan garanti

Agogon otomatik ne, marar batir, irin wanda motsin hannu ke wana shi. Na saye shi sabo a wajen dila mai izinin kamfani a Abuja, na dawo da shi Sakkwato a tsakiyar hunturu. Ɗan littafin da ke cikin kwalinsa ya yi alƙawarin cewa kuskurensa a kwana ɗaya ba zai wuce jinkirin daƙiƙa 10 ko gudun daƙiƙa 20 ba. Kafin mako ya zagayo ya riga wayata da fiye da minti biyar. Daga ranar da na fara awo zuwa ranar da ya dawo hannuna a saite, an ci kusan wata biyu, kuma rabin aikin a gida aka yi shi, da biro da takarda.

Sai an san abin da ke cikin agogon kafin a san irin ƙarar da za a kai. Babban sifirin ne ke ajiye ƙarfi. Ƙarfin yana bi ta jerin ƙananan giya har ya isa ga wani ɗan wili da ke lilo, ya je dama ya dawo hagu, kuma akwai siririn sifirin a jikinsa, kaurinsa bai kai na gashin kai ba, shi ke mayar da shi duk sa'ad da ya tafi. Wannan lilon shi ne ma'aunin lokaci. Nawa yana bugu 28,800 a awa, wato bugu takwas a daƙiƙa, 691,200 a kwana. Idan ya yi gudun daƙiƙa 45 a kwana, bugu 360 ne kacal suka ƙaru a kan waɗannan dubban ɗaruruwa. Shi ya sa ɗan abu kaɗan ke karkatar da shi, shi ya sa kuma ɗan taɓi kaɗan ke gyara shi. Wanda ya saba da agogon batir, mai kuskuren daƙiƙa 15 ko 20 a wata guda, dole ya sauya tunani: da wuya agogon inji, ko mai kyau ne, ya kai can.

Kowane inji da iyakarsa. Hukumar COSC ta Siwizalan, mai tantance daidaiton agogo, wadda aka kafa a 1973, tana gwada inji kwana 15, a yanayin ajiya biyar da matakin zafi uku, digiri 8 da 23 da 38, kuma ba ta ba da shaida sai matsakaicin kuskure ya tsaya tsakanin jinkirin daƙiƙa 4 da gudun daƙiƙa 6 a kwana. Injinan Japan masu araha da suka cika kasuwa, irin NH35 na Seiko da 8215 na Miyota, iyakarsu a rubuce jinkirin 20 ce zuwa gudun 40. Don haka gudun daƙiƙa 30 laifi ne babba a agogo ɗaya, a wani kuma lafiya lau ne. Garanti ba ya bin abin da ranka ke so, yana bin lambar da kamfani ya buga. Wannan lambar ce farkon abin nema, a littafi ko a shafin kamfanin na intanet. In kuskurenka bai ƙetare ta ba, ba ka da hujja. Sai dai ka roƙi alfarma.

Ban kira kowa ba a makon farko. Sabon agogo ya yi watanni a kwance a kanti, gara a sa shi kwana goma ko mako biyu ya yi aiki sosai kafin a yanke masa hukunci. Bayan nan na fara awo na gaskiya.

Na wana shi da hannu sau 40 don sifirin ya cika. Wannan yana da muhimmanci, domin injin da ƙarfinsa ya ragu ba ya tafiya irin tafiyar wanda ya cika, kuma mai zaman ofis ko shago sau da yawa motsin hannunsa bai isa ya cika otomatik ba. Sannan na ja maɓallin gefe har ƙarshe lokacin da allurar daƙiƙa ta hau kan 12, ta tsaya cak. Na saita awa da minti, na jira agogon waya ya shiga sabon minti, na tura maɓallin. Ma'aunin dole ya zama guda ɗaya kullum, mai nuna daƙiƙa, kuma mai karɓar lokaci daga intanet ko daga layin waya. Siginar lokaci ta rediyon da ake saurara ta intanet ba ta da amfani a nan, saboda sautin yana isowa a makare, kuma jinkirin ba ɗaya ba ne kullum.

Kowace safiya bayan sallar Asuba nakan ajiye agogon a gefen wayar, in ɗauki hoton su biyu tare da wata wayar, in rubuta bambanci. Hoton yana kawar da gardamar ido. Layi biyar na ja a takarda: kwanan wata, jimillar gudu, gudun wannan kwanan kaɗai, awa nawa ya yi a hannu, da yadda ya kwana. Ban sake taɓa saitin ba har kwana 14. Kuskuren da mutane suka fi yi ke nan: su ga ya yi gudu su gyara, gobe su sake gyarawa, a ƙarshe ba su da lambar da za su nuna wa kowa.

Sakamakon ya fito ƙarara. Mafi ƙanƙanta 44, mafi yawa 50, matsakaici 47. Abin da ya fi lambar kanta muhimmanci shi ne ba ta tsalle. Agogon da ke gudun 47 yau, 46 gobe, 48 jibi, injinsa lafiyayye ne, saitinsa ne ya kauce. Wanda ya fi ban tsoro shi ne mai gudun 5 yau, jinkirin 30 gobe, gudun 20 jibi, ko da matsakaicinsa ya yi kyau a takarda. Irin wannan yana nuna datti, ko man da bai zauna daidai ba, ko wani abu da ke gogar wani abu, kuma aikinsa ya wuce saiti, sai an warware injin.

Kafin in ɗora wa kamfani laifi, sai na duba maganaɗisu, don shi ne ya fi sa sabon agogo gudu ba gaira ba dalili. Idan siririn sifirin nan ya ɗauki maganaɗisu, zagayensa kan manne da juna, tsawonsa mai aiki ya ragu, lilo ya yi sauri. Wani lokaci gudun kan kai mintuna a kwana. Abubuwan da ke jawo shi suna nan a kowane ɗaki: lasifikar rediyo, murfin waya mai mannewa, maɓallin jaka, bakin ƙofar firji, gefen kwamfutar tafi-da-gidanka. Ma'aunin ISO 764 na agogo mai jure maganaɗisu ya tsaya ne a kusan gaus 60 (gaus ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), alhali ƙaramin maganaɗisun murfin waya, in agogo ya manne da shi, ya wuce haka. Gwajin ba ya cin ko kwabo. Na ɗauko ɗan kamfas na duba alƙibla, na ajiye shi a kan tabarma nesa da ƙarfe, na jira allurarsa ta natsu, na kawo agogon a hankali ta sama da ta gefe, ina juya shi. Allurar ta ɗan motsa kaɗan, abin da ƙarfen cikin kowane agogo kan jawo, amma ba ta bi shi tana juyawa ba. Da ta bi shi, da maganin ɗan akwatin cire maganaɗisu ne: a ɗora agogon, a danna maɓalli, a janye shi sannu a hankali har tsawon hannu kafin a saki. Ba a buɗe agogo don wannan, saboda haka ba ya taɓa garanti.

Sai gwajin kwanciya. Nauyin ƙasa yana jan wilin daban-daban gwargwadon yadda agogon yake. Dare huɗu na wana shi ya cika, na ajiye shi awa takwas cif, na ninka sakamakon sau uku. Fuska sama ya ba ni 16, wato 48 a kwana. Fuska ƙasa 16. A tsaye, maɓalli ƙasa, 14, wato 42. Maɓalli sama 13, wato 39. Wannan awon ba shi da kaifi sosai, tunda kuskuren daƙiƙa ɗaya a karatu yana zama uku bayan ninki, amma ya isa ya nuna cewa duk kwanciyar suna gudu tare, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai daƙiƙa 10 ba. Da tazarar ta kai 30 ko 40, da sai a yi zargin wilin bai daidaita ba ko ƙafarsa ta sami rauni.

Da takardar a hannu na buɗe kwalin don in haɗa kaya, sai na tarar da matsala ta farko: katin garanti yana da lambar agogon, amma babu hatimin kanti, babu kwanan wata. Katin da ba shi da waɗannan biyun kusan takardar banza ce, domin ba abin da zai nuna ranar da wa'adi ya fara. Abin da ya cece ni rasit ne, wanda ke ɗauke da kwanan wata da lambar da ke zane a murfin bayan agogon. Duk mai sayen irin wannan kaya ya tsaya a gaban kanta har a cike katin a buga hatimi, ya kuma gwada lambar kati da ta murfi da ta rasit, harafi da harafi. Ya tambaya kuma ko kantin na da izinin kamfani. Agogo na iya zama na asali amma ya shigo ta hannun ɗan kasuwar da kamfani bai sani ba. A nan garantin na kantin ne kawai, in ma akwai.

A nan gida na nuna wa wani dattijo mai gyaran agogo a babbar kasuwa takardar, don in ji ra'ayinsa. Ya sa agogon a kunne, ya dubi lambobin, ya ce, "Malam, wanga ba ciwo ba na, saiti na. Minti goma in gama ma shi. Amma in na buɗe, ka yi bankwana da garanti." Gaskiya ya faɗa, kuma na ji daɗin da ya faɗe ta. Kusan kowane garanti yana mutuwa da zarar wanda ba na kamfani ba ya buɗe murfin, kuma suna ganewa, daga ɗan ƙarcen mabuɗi a murfi ko a kan sukurori. Ga kuma ƙura. A hunturun Sakkwato, teburin da aka share da safe kafin azahar ya yi fari. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan siririn sifirin ko cikin mai ta isa ta mayar da ƙaramar matsala babba. Bayan haka akwai robar da ke hana ruwa shiga, wadda in an buɗe dole a gwada ta da na'urar matsin iska. Ga mai alwala sau biyar a yini, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na aika wa dilan hoton takardar awo da na rasit da na katin ta WhatsApp. Amsar farko ita ce agogon inji haka suke, in ƙara haƙuri. Ban yi musu ba. Na tura hoton shafin littafin da aka rubuta gudun 20, na ajiye 47 a gefensa. Daga nan magana ta sauya. Abin da na lura shi ne, "agogona yana gudu" ƙorafi ne da za a iya lallashi, amma "kwana 14, matsakaici 47, iyakarku 20, an gwada maganaɗisu" aiki ne da dole a buɗe masa fayil. Suka yarda su cike katin bisa kwanan rasit, su kuma miƙa agogon ga cibiyar gyaran kamfani a Legas. Da sun ƙi, mataki na gaba rubuta wa kamfanin kai tsaye ne, bayansa kuma hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, wadda ke karɓar irin wannan ƙara. Ban kai can ba.

Kafin aikawa na ɗauki hoton agogon ta kowace fuska a hasken rana: gilashi, gefe, murfin baya da lambarsa, da maɗauri. Waɗannan hotunan su ne shaidarka idan ya dawo da ƙarce, su ne kuma shaidarka cewa bai faɗi ba, domin garanti ba ya ɗaukar faɗuwa, ko fashewar gilashi, ko ruwan da ya shiga ta maɓallin da aka bari a buɗe. Lotsawa ɗaya a gefe ta isa a ce bugu ne ya kautar da saitin. Nan ne mai cire agogo wajen alwala ya kamata ya kula: gara aljihu da kan dakalin siminti. Kwalin asali na bar shi a gida. Na naɗe agogon a ledar kumfa, na sa a ƙaramin kwali, na cusa takarda har ya daina motsi, na sa wannan a cikin wani kwalin. A ciki na haɗa katin garanti, kwafin rasit, kwafin takardar awo, da gajeriyar wasiƙa mai layi huɗu: abin da yake yi, abin da na gwada, abin da nake so, da roƙon a ba ni sakamakon na'urar auna agogo na kafin gyara da na bayansa. Na bi ta kamfanin aika kaya mai ba da lambar bibiya, na bayyana ainihin kuɗin agogon, na biya inshora. Ba wa direba a tasha ya fi araha kuma ya fi sauri, amma ba takarda, in ya ɓata ba wanda za ka riƙe.

Da ya isa, na nemi lambar aiki, wadda cibiya ke ba kowane kaya da ta karɓa. Ba tare da ita ba, duk kiran da ka yi sai an sake tambayarka labari daga farko. Sun ce mako huɗu zuwa shida. Aikin kansa ba ya kai awa ɗaya. Layi ne da kwanakin gwaji ke cin lokacin.

Takardar da ta dawo tare da agogon ta nuna abin da aka yi. Akwai na'urar da ake maƙala agogo a jikinta, tana sauraren bugunsa ta makirufo, tana ba da lambobi uku. Ta farko gudu ko jinkiri a kwana. Ta biyu faɗin lilo, wato digiri nawa wilin ke juyawa. Ga inji lafiyayye da ya cika, a kwance, ana son wajen 270 zuwa 310, kuma a tsaye yakan ragu da digiri 20 zuwa 50 saboda goga ta fi yawa. Idan ya sauka kusa da 200 alhali sifirin a cike yake, ƙarfi na zubewa a wani wuri. Ta uku ɗingishin bugu: bambancin lokaci tsakanin "tik" da "tak", ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma ana son ya yi ƙasa da 0.5. Nawa kafin gyara ya nuna matsakaicin gudu 45, faɗin lilo 288 a kwance da 255 a tsaye, ɗingishi 0.9. Lambar na'ura da ta takardata ta gida daƙiƙa biyu ce kawai tsakaninsu.

Faɗin lilon ya tabbatar ba a bukatar warware injin. Sun fara da cire maganaɗisu, abin da ake yi wa kowane agogo kafin a taɓa saiti, don kada a saita shi a kan ƙarya. Sannan aka gyara ɗingishin ta hanyar matsar da ɗan hannun da ke riƙe ƙarshen siririn sifirin. Wannan ake fara yi, domin taɓa shi yana sauya gudu. Bayan nan aka koma kan hannu na biyu, mai ƙananan fil biyu da sifirin ke ratsawa tsakaninsu. In aka matsa shi ta yadda tsawon sifirin mai aiki ya ƙaru, agogo ya rage gudu. In ya ragu, ya ƙara. Matsin da ido da ƙyar zai gani kan sauya daƙiƙa 20 ko 30, shi ya sa wasu injinan ke da ɗan sukurin saiti mai alamar ƙari da ragi. Wasu agogo masu tsada ba su da wannan hannun sam. Ƙananan nauyi ne a jikin wilin ake juyawa da mabuɗi na musamman, kuma irin su ko kusa bai kamata a kai su teburin kasuwa ba. Bayan gyara takardar ta nuna matsakaici gudun 4, ɗingishi 0.2, an kuma rufe an gwada matsin iska ya tsallake.

Da gangan ake barin ɗan gudu maimakon a nemi sifili. Mai agogo ya fi son ya riga lokaci da ya makara, kuma gyaran gudu ya fi sauƙi: ka ja maɓalli, allura ta tsaya, ka jira daƙiƙun su wuce, ka tura.

Ranar da ya iso na buɗe kwalin a gaban mai kawowa. Na gwada shi da hotunan da na ɗauka, na duba ƙarƙashin gilashi da fitilar waya ko akwai ƙura ko zare, na tabbata murfin ya zauna daidai, na juya allurai zuwa 12 in ga sun hau kan juna. Na duba katin garanti ya dawo da hatimi. Takardar gyaran na haɗa ta da rasit, don in matsalar ta dawo ita ce shaidar cewa an taɓa kai ƙara cikin wa'adi.

Sai na sake awon kwana 14, daidai yadda na yi na farko. A hannu ya ba da gudun 5 zuwa 8, matsakaici 6, ba 4 na na'ura ba. Wannan ba laifi ba ne. Na'ura tana auna agogo ba ya motsi, a cike, a ɗaki mai sanyi, na ɗan lokaci. Hannu kuwa yana hawa kabu-kabu, yana rubutu, yana shiga rana. Zafi ma yana da nasa rabo. COSC kanta ta yarda da sauyin da ya kai daƙiƙa 0.6 a kwana a kan kowane digiri ɗaya, kuma iyakar gwajinta 38 ce, alhali a Afrilu Sakkwato kan haura 40. A hannu jiki yana daidaita zafin. Haɗarin yana ga agogon da aka bari a gaban mota ko a taga. Don haka awon hunturu ba lallai ya zo daidai da na bazara ba, kuma ya kyautu a sake mako guda na awo idan zafi ya kama, tun garanti na da rai.

Sauran daƙiƙun da kwanciyar dare nake rage su. Tunda a tsaye da maɓalli sama ya fi jinkiri, in na kwantar da shi haka daga bayan Isha'i zuwa Asuba, yana mayar da daƙiƙa biyu ko uku daga abin da ya tara da rana. Yanzu gudunsa a mako yana tsayawa wajen daƙiƙa 25, ina saita shi ranar Juma'a da safe, kuma wajen kwanansa nesa yake da rediyo da wayar da ke caji.